Neman auren bazawara mai ƙananan yara: Abin da shari'a, al'ada da doka suka tanada a Gaya da Ajingi

Neman auren bazawara mai ƙananan yara ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano, sai dai da yawa daga masu shigarsa ba sa tsayawa su san hukuncinsa. Magidanci kan fara zuwa zance, a daidaita, a sa rana, a ɗaura aure. Sai bayan amarya ta tare sannan tambayoyi su taso: a hannun wa yaran za su zauna, wa zai ci da su, wa zai biya musu kuɗin makaranta da magani, kuma wane iko mijin uwarsu yake da shi a kansu?

Abin da ya sa waɗannan tambayoyi suke da nauyi shi ne, a fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano suke aiki da shi, sabon auren kansa yana iya sauya matsayin yaran. Uwar da take da haƙƙin riƙon 'ya'yanta jiya, tana iya rasa shi ranar da ta tare a gidan sabon miji. Ke nan mai neman aurenta yana da hannu a makomar yaran, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke neman aure a yankin Gaya da Ajingi ya sani kafin ya tura manya.

Yankin da ake magana a kai

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a gabashin Jihar Kano, ta wajen iyaka da Jihar Jigawa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna Gaya tana da mutane sama da 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000. Su biyun tare da Albasu suna mazaɓar ɗan majalisar wakilai guda, kuma su ne suka haɗa masarautar Gaya mai daraja ta biyu a ƙarƙashin dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024.

Yanki ne na manoma gero, dawa, wake da gyaɗa, wanda matasa da magidantansa da dama suke tafiya ci-rani ko aiki a birnin Kano da sauran birane. A garuruwa irin su Kademi da Shagogo a Gaya, ko Toranke, Balare da Gafasa a Ajingi, har yanzu babban gida mai sassa da yawa yana da ƙarfi, kuma maganar yaro magana ce ta dangin ubansa gaba ɗaya. Wanda ya taso daga Kano ya biyo ta Wudil don neman bazawara a can, zai tarar da cewa bayan iyayenta akwai wani gida na biyu da ke sa ido a kan lamarin, wato gidan uban yaran.

Ma'anar wasu kalmomi

Bazawara ita ce macen da ta taɓa aure, sannan auren ya ƙare ta hanyar saki, khul'i ko mutuwar miji. Zaman da take yi kafin ta sake aure shi ne zawarci, kuma da wannan suna ake kiran neman aurenta. Idda ita ce lokacin jira bayan rabuwa, wadda idan ta mutuwar miji ce ake kira takaba. Agola shi ne ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji daga wani auren. Abin da malamai suke kira hadana kuwa shi ne haƙƙin riƙo da renon yaro: kwanansa, abincinsa, tsaftarsa da kula da shi na yau da kullum. Hadana daban take da walicci, wanda ya shafi yanke shawara kan karatun yaro, dukiyarsa da aurar da shi, kuma yana hannun uba. Rashin bambance waɗannan biyun shi ne tushen rigingimu masu yawa.

Yaushe ya halatta a fara nema?

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa idda ta cika. Suratul Baƙara ta ƙayyade iddar wadda aka saka da ƙur'i uku, wanda Malikiyya suka fassara da tsarki uku, ta kuma ƙayyade takaba da wata huɗu da kwana goma. Suratuɗ Ɗalaƙi ta ce iddar mai ciki tana ƙarewa ne da haihuwa.

A nan akwai abin da ya shafi mai goyo musamman. Mutane sun saba cewa idda wata uku ce, amma lissafin wata uku na macen da ba ta haila ne saboda ƙuruciya ko tsufa. Mai shayarwar da jininta ya ɗauke saboda goyo, a wurin Malikiyya, tana jira ne har ta ga tsarki uku, ko kuma ta cika shekara guda bayan ta daina shayarwa ba tare da ta ga jini ba. Don haka macen da aka saka da jariri a baya tana iya kasancewa cikin idda bayan an kwashe watanni masu yawa da rubuta takardar saki.

Idan sakin na ɗaya ne ko na biyu, tsohon miji yana da ikon mayar da ita kafin idda ta ƙare ba tare da sabon ɗaurin aure ba, kuma bai halatta wani ya nuna mata sha'awar aure ba ko da ta hanyar hannunka mai sanda. Mai takaba da wadda sakinta ba na kome ba ne, ana iya yi musu nuni a kaikaice, amma ba a fito fili da neman aure ko ƙulla alkawari. Malikiyya sun tsananta a wannan babi: wanda ya auri mace cikin idda kuma ya sadu da ita, za a raba auren, sannan ta haramta gare shi har abada. Saboda haka neman ganin takardar saki da tambayar manyan matan gidan game da cikar idda ba rashin kunya ba ne.

Yadda zawarci yake gudana

Neman bazawara ya fi na budurwa gajarta da sauƙin bidi'a. A shari'a, ba a aurar da macen da ta taɓa aure kuma ta balaga sai ta furta amincewarta da bakinta, duk da cewa waliyyinta ne zai ɗaura auren. Sadakinta nata ne, kuma tana da ikon faɗin abin da take so. Lefe yakan zama daidai abin da aka amince, wani lokaci ma a haɗa shi a kuɗi. Idan mijin yana da wata matar, amarya bazawara tana da kwana uku kafin a koma rabon kwana, saɓanin budurwa mai kwana bakwai.

Ana yin zance ne a zaure ko ƙofar gidan iyayenta ko na wanda take zaune a hannunsa, da saninsu. A ƙauye kowa ya san baƙon da ke sallama a gidan wane, kuma labari yakan isa kunnen dangin tsohon miji tun kafin a kai ga tura manya. Mai nema ya sani cewa yaran suna gani. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar yana iya shaƙuwa da mutumin da ke zuwa da tsaraba duk Juma'a, kuma idan maganar ta watse, shi ma ya yi rashi. Wannan ya sa dattawa suke son mutum ya fara tabbatar da niyyarsa kafin ya jawo yara a jiki, kuma kada ya sa su su kira shi da sunan da zai harzuƙa ubansu idan yana raye.

Riƙon yara bayan sabon aure

Littattafan da alƙalai da malaman zaure suka dogara da su, wato Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani wanda ya rasu a shekarar 996, Mukhtasar na Shehu Khalil na ƙarni na 14, da Tuhfa ta Ibn Asim na Andalus wanda ya rasu a 1426, sun haɗu a kan cewa bayan rabuwa uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗanta. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Wannan wa'adi ya fi na sauran mazhabobi tsawo.

Amma haƙƙin yana faɗuwa idan uwar ta auri mutumin da ba muharramin yaron ba ne, kuma ya sadu da ita. Asalin hukuncin hadisi ne da Abu Dawud ya ruwaito, inda wata mata ta kai ƙarar tsohon mijinta da ke son ƙwace ɗansu, Annabi (SAW) ya ba ta yaron muddin ba ta sake aure ba. Dalilin da malamai suka bayar shi ne hidimar sabon miji za ta iya shagaltar da ita, kuma ba a da tabbacin tausayinsa ga ɗan da ba nasa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan haƙƙin uwa ya faɗi, ba kai tsaye yake komawa ga uba ba. Jerin da Khalil ya kawo ya fara da kakar yaro ta wajen uwa, sai kakar uwar, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwar, sai kaka ta wajen uba, sannan uban, sai 'yar'uwar yaron, sai gwaggo. An sharɗanta wa kaka ta wajen uwa kada ta kasance tana zaune gida ɗaya da 'yarta wadda haƙƙinta ya faɗi. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo labarin Sayyidina Umar (RA) da ya ɗauki ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta wajen uwa ta yi jayayya da shi, Halifa Abubakar (RA) ya yanke hukuncin a bar mata shi, Umar kuma bai ja ba.

Akwai wuraren da uwa take ci gaba da riƙo duk da sabon aure. Daga ciki akwai idan mijin muharramin yaron ne, kamar baffansa. Idan jariri ya ƙi karɓar nonon kowa sai nata. Idan babu wani mai cancanta a bayanta. Ko idan wanda haƙƙin ya koma gare shi ya san da auren ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba. Duk mai riƙo kuma dole ya kasance mai hankali, amana, lafiya da wurin zama mai tsaro, kuma idan namiji ne sai yana da macen da za ta kula da yaron.

Wani hukunci mai nauyi shi ne, a mashahurin ra'ayin mazhabar, uwar da ta rasa riƙo saboda aure ba ta sake samunsa don kawai sabon auren ya mutu. Mutumin da ya auri mai yara, ya sake ta bayan wata shida, yana iya barin ta ba miji ba 'ya'ya. Wanda bai shirya zama ba, ya kamata ya auna wannan tun kafin ya fara sallama a ƙofar gidansu.

Inda al'ada ta bi wata hanya

A aikace, al'adar Hausawa ta fi karkata ga cewa ɗa na ubansa ne. Sau da yawa da zarar an yaye yaro sai dangin uba su aiko a ɗauke shi, a damƙa shi ga kakarsa ko ga kishiyar uwarsa, ko da uwar ba ta sake aure ba. Mata da yawa suna miƙa yaran saboda kunya, ko don kada a ce sun kai uban 'ya'yansu ƙara, ko don sun san idan suka riƙe su ba za a aiko da ko ƙwayar hatsi ba. Wasu kuma iyayensu ne suke matsa musu su mayar da yaran don manema su samu ƙarfin gwiwar fitowa.

Ba sabon abu ba ne yaro ya tashi a hannun wanda bai haife shi ba. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda riƙo tsakanin dangi da yawan sake aure suka kasance ruwan dare a ƙasar Zazzau da Kano tun kafin zuwan Turawa. Ita kanta Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, kuma ta riƙe 'ya'yan dangi. Bambancin shi ne ɗan riƙo yana zuwa ne da yardar dangin biyu, agola kuwa yakan zo ne a kan larura, shi ya sa kalmar take ɗauke da ɗan raini a bakin mutane.

Tafiya da yara zuwa wani gari

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da zai ɗauke amarya daga Gaya ko Ajingi yana buƙatar sanin hukuncin nisa. Malikiyya sun ce idan mai riƙo za ta ƙaura zuwa wurin da ya kai nisan baridi shida, wato mil 72 na lissafin da, wanda ya haura kilomita 100, waliyyin yaron yana da ikon karɓarsa. Haka kuma idan waliyyin ne zai ƙaura zuwa irin wannan nisa da niyyar zama, yana iya tafiya da yaron matuƙar hanya da wurin suna da aminci. Tsakanin Gaya da birnin Kano bai kai kilomita 70 ba, don haka bai kai wannan haddi ba. Kaduna, Abuja da Legas kuwa sun wuce shi nesa. Ma'aikacin da ake iya sauya wa wurin aiki ya kamata ya faɗi haka tun farko.

Wa zai ci da yaran?

Ciyarwa, tufatarwa, wurin kwana da magani suna kan uban yara, ko a hannun wa suke. Yana ɗauke da nauyin ɗa namiji har ya balaga yana iya neman na kansa, da na 'ya mace har ta tare a gidan miji. Alƙali yana ƙayyade adadin gwargwadon ƙarfin uban da tsadar rayuwa. Sake auren uwa ba ya sauke masa wannan nauyi.

Mijin uwa kuwa shari'a ba ta wajabta masa ciyar da agola ba. Idan ya yi, sadaka ce da kyautatawa. Idan kuma ya kashe kuɗi a kan yaron da ubansa yake da hali, da niyyar a biya shi, malamai sun ba shi damar neman haƙƙinsa bayan ya yi rantsuwa. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: tukunya ɗaya ake ɗorawa a gida, kuma uwa ba za ta ci ta bar ɗanta yana kallo ba. Duk wanda zai auri mai yara uku ya lissafa da bakuna huɗu, ko da uban yaran ya yi alkawarin aike.

Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sanya ciyar da agola a matsayin sharaɗi a cikin ƙullin aure, wanda suka ga yana iya jawo matsala ga ingancin auren, da kuma alkawarin da miji ya ɗauka don raɗin kansa, wanda suka ce yana zama wajibi a kansa. Saboda haka idan za a rubuta irin wannan alkawari, a nemi malami ko alƙali ya tsara lafazinsa.

Matsayin agola a gidan mijin uwa

Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta wa mutum auren 'yar matarsa har abada, da zarar ya sadu da uwar. Shi muharraminta ne. Amma 'ya'yansa na wata matar ba muharraman agola ba ne, aure ya halatta a tsakaninsu, don haka idan sun fara girma dole a raba musu makwanci a kuma kiyaye sutura. Akwai togaciya guda: idan uwar tana shayar da jariri ɗan ƙasa da shekara biyu bayan sabon mijin ya sadu da ita, Malikiyya suna lissafa jaririn ɗan shayarwa ga sabon mijin ma, sai ya zama ɗan'uwan sauran 'ya'yansa ta hanyar nono.

Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan iyayensu maza. Sanya wa agola sunan mijin uwa a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, rajistar makaranta ko katin ɗan ƙasa ya saɓa wa wannan, kuma yana haifar da rikici ranar rabon gado ko neman takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Agola ba ya gadon mijin uwarsa, shi ma mijin ba ya gadonsa. Wanda yake son ya bar masa wani abu yana iya ba shi kyauta ya damƙa masa tun yana raye, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba. Game da aurar da yarinya, ubanta da danginsa ne a gaba. Malikiyya sun ambaci wanda ya rene ta a jerin waliyyai, amma a bayan dangin uba.

Idan yaran marayu ne

Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da tumunin dukiya, wato kashi ɗaya cikin takwas, wanda za ta raba da kishiyoyinta idan akwai. Kason yara nasu ne, kuma yana ƙarƙashin kulawar wasiyyin da uban ya naɗa ko wanda alƙali ya ɗora. A Gaya da Ajingi wannan kaso yakan zama gona, dabbobi ko sashen gida. Sabon miji ba shi da ikon noma gonar marayu don amfanin kansa, sayar da ita ko jinginar da ita, kuma Suratun Nisa'i ta yi kakkausan gargaɗi ga masu cin dukiyar maraya.

Ana ciyar da maraya daga dukiyarsa idan yana da ita. Idan ba shi da komai, Malikiyya ba su tilasta wa kaka ko baffa ciyar da shi ba, nauyin yana komawa kan baitulmali da jama'ar Musulmi. A aikace wannan yana nufin yaron ya dogara ne ga tausayin wanda ya auri uwarsa. Tarihin Musulunci yana da misali a nan. Lokacin da Annabi (SAW) ya nemi auren Ummu Salama (RA) bayan rasuwar Abu Salama, a shekara ta 4 bayan Hijira, yawan 'ya'yanta yana cikin uzurorin da ta kawo. Ya karɓe ta tare da su, kuma ɗanta Umar ya tashi a gidansa, har ya ruwaito yadda aka koya masa ladabin cin abinci a can.

Dokoki da shirye-shiryen gwamnati

Matsalar zawarawa ta daɗe tana jan hankalin hukuma a Kano. A farkon 2009 ƙungiyar zawarawa da marayu ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangamin zawarawa a birnin, Hukumar Hisbah ta hana. A watan Mayun 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara shirin auren zawarawa da ma'aurata 100, a lokacin da Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa yake jagorantar Hisbah. A watan Oktoban 2023 an ɗaura auren ma'aurata 1,800 daga ƙananan hukumomi 44 na jihar, inda gwamnati ta biya sadakin Naira 50,000 ga kowace amarya tare da kayan ɗaki da jarin Naira 20,000.

A watan Mayun 2024 aka sanya hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar, wanda ya ƙunshi cutar ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jini mai nasaba da sikila. Dokar ta shafi bazawara da bazawari kamar yadda ta shafi saurayi da budurwa, kuma ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karya ta. Haka nan Jihar Kano tana da dokar kare yara da aka sanya wa hannu a watan Mayun 2023. Duka, azabtarwa ko hana abinci laifi ne, ko yaron agola ne ko ɗan cikin gida.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya su lura cewa tsarin inshorar lafiya na ma'aikata ya ƙunshi ma'aikaci, mata guda da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Agola ba ya shiga kai tsaye, sai an yi masa rajista a matsayin ƙarin wanda ake ɗauke da nauyinsa an kuma biya kuɗin da aka ƙayyade.

Abubuwan da ake daidaitawa kafin ɗaurin aure

Maganar da ba a yi ta a zaure ba, ita ake yi a gaban alƙali. Kafin a sa rana, ya kamata waliyyin matar, wakilin mai nema da wakilin dangin uban yara su zauna su tsayar da inda kowane yaro zai zauna bayan tarewa, da wanda zai karɓe shi idan ba za a tafi da shi ba. A faɗi abin da uban zai riƙa aikowa da lokacin aikowa, da wanda zai biya makarantar boko, Islamiyya da asibiti. A tsayar da yadda uba zai riƙa ganin 'ya'yansa ba tare da ya shiga gidan wani ba, da yadda uwa za ta riƙa ganinsu idan suna wajensa, tunda ba a raba hanta da jini. Idan akwai dukiyar marayu, a lissafa ta a rubuce a gaban shaidu.

Mai mata kuma ya sanar da uwargidansa cewa amarya tana tafe da yara, ya tanadi ɗakin da zai ishe su. Yawancin wahalar da agola yake sha ba daga mijin uwa take fitowa ba, daga tsakar gida take fitowa: wajen rabon abinci, aike da faɗan yara. Magidancin da yake fita tun asuba ya dawo bayan isha ba zai san abin da ke faruwa ba sai ya sa ido da gangan.

Inda ake kai ƙorafi

Idan saɓani ya taso, ana farawa ne da dattawan dangi, sai mai unguwa, dagaci da hakimi. Hukumar Hisbah, wadda aka kafa da dokar jiha a 2003, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi kuma tana yin sulhu kan aure, ciyarwa da riƙon yara, sai dai ba ta yanke hukuncin da ke daidai da na kotu. Wanda bai gamsu ba yana iya shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci, daga nan zuwa babbar kotun shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumin sauraron ƙararrakin aure, riƙon yara, wasiyya da gado. Uwa, kaka ko 'yar'uwar uwa kowaccensu tana da ikon shigar da ƙarar riƙo da kanta, kuma yana da kyau a je da takardar saki, takardun haihuwar yara da shaidun da suka halarci zaman daidaitawa.